Yadda Ake Ƙera Motar Tsere Mai Kwarangwal ɗin Bututu, Daga Awo Zuwa Gwajin Farko

Masu karatu da dama, musamman makanikai da masu walda, sun daɗe suna tambaya ko mutum zai iya ƙera ƙaramar motar tsere irin wadda ƙarafunanta ke fili a garejinsa, kuma ta ina ake farawa. Ana iyawa. A Ingila mutane na haɗa irin Lotus Seven ta 1957 a gida, suna ce mata Locost, har ƙungiyar 750 Motor Club ta ware musu gasa. Abin da ya fi kayar da masu farawa shi ne jerin aikin: sai su sayo bututu tun ranar farko su fara yanka, daga baya su tarar inji bai shiga ba, ko gwiwar direba na dukan sitiyari. Kwarangwal ɗin yana cikin abubuwan ƙarshe da ake zanawa, domin aikinsa shi ne ya riƙe direba da inji da ƙafafu a inda aka riga aka yanke musu zama.

Misalin da zan bi shi ne mota mai kujera biyu, inji a gaba, tayoyin baya ke ja, nauyinta tsakanin kilo 550 zuwa 650. Ta filin tsere ce kawai. Kada a hau titi da ita.

1. Fara da dokar filin

Kafin ka ja layi ɗaya, samo dokokin filin ko ƙungiyar da za ka shiga da motar, ka karanta sashen tsaro sau biyu. Mafi yawansu daga dokokin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, suke ɗauko nasu, musamman sashe na 253 na Appendix J, wanda ya fayyace kejin kariya, wato bututun da ke kewaye direba don kare shi in mota ta kife. A bugunsa na 2020 za ka ga cewa babban baka na keji, wato lanƙwasasshen bututun da ke tsallake kan direba, sai bututu marar ɗinki, mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0, sauran sassan kuma 38 da 2.5 ko 40 da 2.0. Ko da inda za ka yi gudu babu mai duba mota, ka bi waɗannan lambobin. An same su ne daga haɗarurrukan da aka riga aka yi.

2. Sayi motar da za ka kwashe kayanta

Inji, giyabos, aksul ɗin baya, hob na tayoyi, birki, sitiyari da wayarin duk daga mota ɗaya ya kamata su fito. A Turai da Amurka Mazda MX-5 aka fi amfani da ita, wadda ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6, daga baya 1.8, saboda ba ta da nauyi kuma baya ke ja. A wajenmu ba ta da yawa. Abin da za ka fi samu shi ne BMW E36 ko Mercedes 190, su ma baya ke ja, sai dai kayansu sun fi nauyi, don haka ka nemi mai silinda huɗu. Akwai wata hanya kuma: ka ɗauki inji da giyabos na Honda Accord mai injin K24 gaba ɗaya ka ajiye su bayan direba, yadda motar Ariel Atom ke ajiye injin Honda. Wannan yana sauƙaƙa maganar farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul ɗin baya, amma nauyi zai koma baya, kuma zanen gaba ɗaya zai canza. Ga wanda bai taɓa yi ba, inji a gaba ya fi sauƙin sarrafawa, a gareji da kuma a kwana.

Gargaɗi: ka sayi motar tana tashi, ka ji ƙarar injinta, ka shiga kowace giya kafin ka kwance komai. Tsintar kayan Beljiyam ɗai-ɗai a Ƙofar Ruwa ko Panteka yakan zama kamar ya fi araha, amma ƙarshenta sai ka tarar birenbos, wato kwamfutar inji, bai san makullin ba, inji ya ƙi tashi. Ka adana makulli da birenbos da wayarin tare, ka manna takarda mai suna a kan kowane soket kafin ka cire shi.

3. Kasafin kuɗi da wurin aiki

Farashi da naira yana motsi kullum, saboda haka ka zagaya kasuwa da wannan jerin ka cike da kanka. Mutane kan ɗauka ƙarfe ne zai ci kuɗi. Shi ne ma mafi sauƙi. Bututu mai kusurwa huɗu, milimita 25 da kaurin 1.6, nauyinsa bai kai kilo 1.2 a kowace mita ba, ke nan kwarangwal mai kilo 70 zai ci kusan mita 60, wato sanda goma masu mita shida, sai ka ƙara biyu ko uku na asara da gwaji. Inda kuɗin yake shi ne abubuwan da sai an yo odarsu da dala: shokozoba huɗu masu sifirin a jiki, tayoyin tsere, kujera, bel, hular kwano, tankin mai na tsaro, da bututun keji idan babu shi a kusa. Bayan su sai gas ɗin walda, waya, faifan yanka, notuna masu inganci da man janareta. Idan ka gama lissafi ka ƙara kashi ɗaya cikin uku.

In kuɗi ya gaza, a rage a wajen ƙarfin inji da kwalliyar bodi. Birki, keji, bel da hula ba a taɓa su.

Wurin aiki kuma ya zama mai daɓen siminti da rufi, wanda za ka iya barin mota a kan tebur wata da watanni ba wanda zai ture ta.

4. Auna direba da kayan a ƙasa

Share daɓe, ja layi ɗaya madaidaici a tsakiya. Wannan layin shi ne uban kowane awo daga yau har a gama. Ajiye tayoyi huɗu a inda za su tsaya: tsakanin aksul na gaba da na baya wajen mita 2.3, faɗin kuma yadda aksul ɗin motar da ka kwance ya ba ka. Ɗora inji da giyabos a kan katako, a tsayin da za su zauna, ka bar santimita 10 zuwa 12 tsakanin ƙasa da kaskon mai. Tura injin baya iyakar yadda zai yiwu, har ya zama gaba ɗayansa yana bayan layin tayoyin gaba. Nan ne daidaiton nauyin motar ke fitowa.

Sai direba ya zauna a kujerarsa ta gaskiya, da hular kwano a kansa da takalmin da zai yi tuƙi da shi. Ba shi sitiyari ya riƙe: gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗa ba ta barin kujera in ya juya. Ƙafarsa ta iya danne kuloci har ƙasa ba tare da ta miƙe sambal ba. Duba ko ƙafafu biyu da feda uku sun shiga tsakanin giyabos da bangon waje, domin nan ne wurin da ya fi matsewa a irin wannan mota, kuma santimita biyu kacal kan raba mota mai daɗin tuƙi da wadda takalmi ke taka birki da totur lokaci guda. Kewaye shi da siraran katako ko fayif ɗin roba da salatif, ka fitar da siffar ɗakin. Ka sa ya fita da sauri, ya sake shiga, ya sake fita. Auna komai daga layin tsakiya da kuma daga ƙasa, ka rubuta a littafi ɗaya.

5. Tsara ƙafafu kafin jiki

Wannan matakin ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa saboda babu tartsatsin walda a cikinsa. Kowace taya tana rataye ne da hannuwa biyu masu siffar A, na sama da na ƙasa. Wuraren da hannuwan nan ke ɗaure a jikin kwarangwal su ne ke yanke yadda taya za ta taka ƙasa idan mota ta kwanta a kwana. In an kuskure su, babu shokozoba mai tsadar da za ta gyara.

Zana gaban motar a kan filawud ko babbar takarda da girmanta na gaskiya. Fara da taya, sai hob, sai boljoyin na sama da na ƙasa, domin waɗannan ba kai ka ƙera su ba, ba za su canza ba. Daga nan ka shigo ciki. Hannun ƙasa ya kwanta kusan daidai da ƙasa idan mota na tsaye da direba a ciki. Na sama ya fi shi gajarta, kamar kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na tsawonsa, kuma ya ɗan gangaro zuwa tsakiyar mota. Wannan tsarin yana sa kan taya ya karkato ciki idan ta nutse, sai tayar waje ta ci gaba da taka ƙasa da dukan faɗinta a kwana. Yanka kwali da siffar hannuwan, ka soke su da ƙusa a mahaɗa, ka motsa tayar sama da ƙasa santimita biyar-biyar, ka ga yadda take karkata. Mai kwamfuta zai iya yin haka a FreeCAD, wadda kyauta ce, ko Autodesk Fusion, amma kwalin ma yana nuna gaskiya.

A gefe kuma, boljoyin na sama ya ɗan koma bayan na ƙasa, har layin da ya haɗa su ya kwanta digiri 5 zuwa 7. Shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana.

Gargaɗi a kan rak ɗin sitiyari: kada ka ɗaura shi inda wuri ya samu kawai. Mahaɗin tayarod na ciki ya faɗo a kan layin da ya haɗa maɗaurin hannun sama da na ƙasa na ciki. In ba haka ba, duk lokacin da taya ta hau tudu za ta juya da kanta, motar ta riƙa fizga a gudu mai yawa. Sau da yawa sai an rage tsawon rak ɗin ko an nemo na ƙaramar mota. Wanda bai amince da lissafinsa ba, ya kwafi awon motar da ya kwance ɗaya bayan ɗaya, ko ya ɗaura gindin ƙafafunta gaba ɗaya yadda kamfani ya yi shi. Babu kunya a wannan.

6. Yanzu zana kwarangwal

Ka riga ka san inda direba yake, inda inji yake, inda hannuwa da shokozoba za su ɗauru. Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan wurare da bututu madaidaita. Ƙa'idar ita ce wadda kafinta ke bi a kan rufin kwano: kowane murabba'i a gicciya masa sanda ya koma kusurwa uku, don mai kusurwa huɗu yana karkacewa, mai uku ba ya yi. Duk inda nauyi zai shiga, kamar maɗaurin shokozoba ko na inji, ya zama a mahaɗar bututu uku ko fiye. Kada ka ɗaura shi a tsakiyar sanda, zai lanƙwasa ta a hankali har ta tsage.

Wurare biyu ne ba sa yarda da gicciye: ɗakin direba da saman inji. Na direba ana ƙarfafa shi da bangon gefe mai tsayi da kuma ramin farfela na tsakiya da aka gicciya sosai. Na inji kuma a yi masa sanda mai siffar Y ko wadda ake kwancewa da noti. Kafin ka sayi ƙarfe, haɗa ƙaramin samfuri da tsinken katako da gam, kashi ɗaya cikin goma na girman, ka murɗa shi da hannu. Inda ya yi laushi za ka ji shi a yatsunka, ka ƙara tsinke ɗaya ka sake murɗawa.

7. Sayen bututu

Na jiki: mai kusurwa huɗu, 25 da kaurin 1.6, na gicciye kuma 19. Ya fi sauƙin yanka da manna faranti. Na keji: zagayayye marar ɗinki, wanda ake sayarwa da sunan CDS, ko DOM inda dokar filin ta yarda da shi.

Je kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu, ka auna bakin kowace sanda. Fayif ɗin da ake yin ƙofa da gado da shi sau da yawa bai kai kaurin da aka faɗa ba. Fayif ɗin ruwa mai galbanaiz kuwa kada ya shigo garejin ma: ba don wannan aikin aka yi shi ba, kuma hayaƙin tutiyar da ke jikinsa yana sa zazzaɓi in an yi masa walda. Za ka ji ana yabon ƙarfen 4130. Ya fi ƙarfi kafin ya lanƙwashe, gaskiya ne, amma wajen tauri duk ƙarafan nan kusan ɗaya suke, ga tsada, ga buƙatar gwanin waldar TIG. Motar farko ba ta buƙatarsa.

8. Kayan aiki da tebur

Kana buƙatar injin walda na MIG da waya ER70S-6 mai kaurin 0.8 da gas ɗin argon gauraye da CO2, injin yanka, giranda, dirila ta tsaye, abin fafe bakin bututu, matsai da yawa, sikwaya, lebur, ma'aunin kusurwa da tef ɗin awo guda ɗaya da za ka riƙe har ƙarshe. Waldar ilektorod da aka saba da ita tana huda ƙarfe mai kaurin 1.6, kuma tana barin datti a cikin ɗinki. In wutar wurin ba ta tsayawa, a nemi janareta mai ƙarfin da ya wuce buƙatar injin, domin wuta mai rawa tana ba da walda mai kyan gani wadda ba ta shiga ciki ba.

Teburin: filawud mai kaurin milimita 18 ko faranti a kan firam ɗin ƙarfe, tsawon mita uku, faɗin ɗaya da rabi. Daidaita shi da lebur ta kowace fuska, ka ja layin tsakiya, ka zana shimfiɗar ƙasan motar a kansa. Duk karkatar da ke jikin tebur za ta koma jikin mota.

9. Yanka da ɗosawa

Fara da shimfiɗar ƙasa. Kafa ƙananan katako da sukurori a gefen kowace sanda don kada ta motsa. Kowane baki ya zauna daram a kan ɗan'uwansa, ratar ba ta kai milimita ɗaya ba. In ka ga haske sosai ta tsakani, sake yanka wata. Cike rata da walda yana jawo ƙarfe ya karkace, kuma mahaɗin ba ya ƙarfi. Sandunan dama da na hagu a yanka su tare don su zama tagwaye.

Goge bakin har ya yi fari, ka share mai da asiton. Gargaɗi mai nauyi: kada ka wanke ƙarfen da za a yi wa walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin. Zafin walda yana mayar da shi iskar fosjin mai guba, kuma kaɗan daga cikinta na iya hallaka mutum.

A wannan mataki ɗosawa kawai ake yi, ɗigo biyu zuwa huɗu a kowane mahaɗi. Bayan ƙasa sai ginshiƙai, sai sandunan sama, sai gicciye. Bayan kowane hawa, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Bambancin kada ya wuce milimita biyu. Maɗauran hannuwa kuma kada ka riƙe su da hannu kana ɗosawa: yi musu ma'auni na ƙarfe mai ramuka daidai da zanenka, ka zura doguwar sanda ta ramukan gaba da na baya don su hau layi ɗaya. Kowane maɗauri ya zama kunne biyu, noti ya ratsa ta tsakiya, da faranti mai kaurin milimita 3.

Kafin ka wuce nan, saka inji, giyabos, aksul, rak, kujera da feda duka a cikin kwarangwal ɗin da aka ɗosa. Tabbatar inji na fita ta sama, filtar mai na kwancewa, sifana na kaiwa kowane noti. Gyara a yanzu aikin minti goma ne da giranda.

10. Cikakkiyar walda

Mai waldar ya fara yin gwaji da guntaye: ya haɗa biyu, a matse a bais, a doke su da guduma har su lanƙwashe. Bututun ya kamata ya ba da kai, ɗinkin ya tsaya. A yanka wani ta tsakiya a duba ko narkin ya shiga har ciki. In bai ci wannan jarrabawa ba, a nemo wani, ko da ɗan'uwa ne.

Ƙarfe yana jan jiki wajen da aka yi masa zafi. Don haka ba a gama mahaɗi ɗaya a wuce na kusa da shi. A yi gefe ɗaya a dama, a tsallaka a yi takwaransa a hagu, a koma gaba, a dawo baya, a bar wuri ya huce da kansa ba tare da zuba ruwa ba. Kwarangwal ya zauna a matse a tebur har sai an gama duk abin da hannu ke kaiwa, sannan a juya shi. Bututun da za a toshe bakinsa biyu a huda masa ɗan rami, in ba haka ba iska mai zafi za ta busa ɗinkin ƙarshe. Duk inda noti zai ratsa bututu, a saka guntun hannun riga na ƙarfe a ciki a yi masa walda, don kada ɗauri ya murƙushe shi.

11. Kejin kariya

Babban baka sanda ɗaya ce tun daga ƙasa har ƙasa, babu haɗi. A lanƙwasa ta a sanyi da injin lanƙwasa mai daidai da faɗinta, kuma zagayen lanƙwasar kada ya gaza ninki uku na faɗin bututun. Wadda aka gasa da wuta, ko ta yi tamoji a ciki, ko ta baje, a jefar. Samanta ya wuce hular direba da aƙalla santimita 5, haka kuma in ka miƙa igiya daga saman baka zuwa gaban kwarangwal, hular ta kasance ƙarƙashin igiyar. A sa mata gicciye ɗaya a ciki, da madogara biyu zuwa baya, da sandar bel a tsayin kafaɗa. Ƙafafunta su sauka a kan mahaɗa masu ƙarfi da faranti a ƙarƙashi. Walda ta zagaye kowane bututu gaba ɗaya, har wajen da ido ba ya gani, kuma kada a goge ta da giranda don kyau. Ka ƙara sanduna a gefen direba saboda karo ta haƙarƙari.

12. Inji, farfela da sanyaya

Farfela sai an rage mata tsawo. Kai ta wajen masu injin juya ƙarfe da za su iya daidaita nauyinta bayan walda, domin tana juyawa ne dab da cinyar direba. Yi mata zobe na ƙarfe a gaba da baya wanda zai riƙe ta in ta tsinke. Giyabos da aksul su kalli juna a layuka masu tafiya tare, karkatar mahaɗan ta tsaya tsakanin digiri 1 zuwa 3.

Injin motar gida ba a yi shi don doguwar kwana da gudu ba. Mai yakan taru gefe ɗaya a kasko, famfo ya ja iska, metal, wato beyarin inji, ya ƙone cikin daƙiƙu. A sa faranti masu tare mai a cikin kaskon, a sa agogon matsin mai a gaban direba. Lagireto kuma, a zafinmu, girmansa kaɗai bai isa ba: toshe duk ratar da ke gefensa da alminiyam da soso don iska ta bi ta cikinsa dole, ka buɗe mata hanyar fita ta baya. Salansa ta bi gefen fasinja in zai yiwu, a naɗe ta, a sa abin tare zafi a bangon ƙafa.

13. Birki

Layi biyu masu zaman kansu, gaba daban, baya daban, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. Mafi kyau famfon birki (masta) biyu da sandar raba ƙarfi a tsakaninsu. Mota marar nauyi ba ta buƙatar busta mai ƙara wa birki ƙarfi, in dai tsawon feda ya ninka ƙarfin ƙafa sau biyar zuwa shida. Akwatin feda ya ɗauru a ƙarfe mai kauri: sa mutum ya taka da dukan ƙarfinsa kana kallo, in wani abu ya motsa a ƙarfafa shi. Bututun birki na ƙarfe mai milimita 4.75, a kama shi da kilif kowane santimita 20 zuwa 30, nesa da salansa. Mai kuma DOT 4 sabo daga gwangwani a rufe, wanda ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, alhali DOT 3 a 205 yake. A saita yadda tayoyin gaba za su riga na baya kullewa. In baya ya riga, motar za ta juya da kai.

Notunan ƙafafu, birki da sitiyari duka su zama masu lamba 8.8 ko 10.9 a ka, da noti mai roba a ciki. Wanda babu lamba a kansa ba ya hawa motar.

14. Mai, wuta, kujera da bel

Tanki ya zauna cikin kwarangwal, ƙarafa na kare shi ta baya, da bangon ƙarfe ko alminiyam tsakaninsa da direba. Irin wannan bangon a yi shi tsakanin inji da ƙafafu, a toshe kowane rami. Numfashin tanki ya sami bawul mai rufewa in mota ta kife. Tiyon mai ya zama na injekta, domin matsin man yana kai wajen 3 a ma'aunin bar, kuma kada a yi masa haɗi a cikin ɗakin direba.

A sa makunnin kashe wuta gaba ɗaya inda direba da na waje za su kai hannu. Gwada shi inji na aiki: dole injin ya mutu nan take. In batir kawai ya yanke, altaneta za ta ci gaba da ba shi wuta. Batir a ɗaure da ƙarfe, a rufe kansa. Tukunyar kashe gobara a inda hannu ke kaiwa da bel a ɗaure.

Ƙasan ɗakin a rufe da farantin ƙarfe mai 1.6 da walda, ko alminiyam da gam da ribit kowane santimita 5, amma kujera a kan sanduna za ta ɗauru, ba a kan farantin ba. Bel mai maɗauri biyar ko shida. Na kafaɗa su tafi baya a miƙe ko su gangara kaɗan, kada su wuce digiri 20, domin in sun gangara sosai za su danne ƙashin baya a karo. Duba ranar da ke jikin bel da kujera, masu tambarin FIA yawanci shekara biyar ake ba su. Hular babur ta kasuwa ba ta wannan aiki ba ce, nemi mai tambarin Snell SA ko FIA. Duk sandar da hula za ta iya dukawa a naɗe ta da soso mai tauri na keji.

15. Fenti, saiti da gwaji

Haɗa motar duka ba fenti, ka tayar da ita, sannan ka kwance ta ƙurmus. Sai a lokacin za ka tabbata babu sauran kunnen da za a manna. Fentin ya zama mai haske, toka-toka ko fari, saboda tsagewa tana ɓuya a baƙi.

Wajen saiti, direba ko buhun yashi mai nauyinsa ya kasance a kujera, tanki rabi, daɓe a daidaice. Fara da tsayin mota. Sai awon nauyin kowace taya a kan sikeli huɗu: gaban dama da bayan hagu in an haɗa su yi daidai da gaban hagu da bayan dama, ana gyarawa ta murɗa mazaunin sifirin. Kan tayoyin gaba ya karkata ciki kamar digiri 1.5 zuwa 2, na baya ƙasa da haka. Miƙa zare biyu a gefen mota daidai da layin tsakiya, ka auna daga zare zuwa gaban rim da bayansa: gaba kusan sambal, baya kuma bakin ya ɗan shigo ciki milimita ɗaya zuwa biyu. Cire sifirin na gaba, ɗaga taya da jak sama da ƙasa, ka duba ko tana juyawa da kanta. In tana yi, ɗaga rak ko sauke shi da washa har ta daina. Iskar taya a mota mai wannan nauyi wajen 18 zuwa 22 take a ma'aunin psi, ƙasa da ta motar gida.

Gwajin farko a rufaffen fili, babu 'yan kallo a kusa, da mutum biyu riƙe da tukunyar kashe gobara, direba cikin cikakkiyar shiga. Zagayen farko a giya ta biyu, ana taka birki a hankali ana saurare. Bayan minti biyar a tsaya, a ɗaga mota, a nemi yoyo, a taɓa kowane noti da sifana. Ɗiga fenti a kan kowane noti da mazauninsa, in ya motsa layin zai rabu ka gani. Ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kuma abu ɗaya ake canzawa a kowace fita, a rubuta shi.

Bayan kowace ranar tsere, wanke kwarangwal ka bi maɗauran hannuwa, na shokozoba, na inji da na aksul da tocila. Siririn layin tsatsa a gefen ɗinki tsagewa ce. Kada ka shafa mata walda ka koma fili. Huda ɗan rami a ƙarshenta, fafe ta, sake ɗinkewa, sannan ka duba ta ina nauyin ke shigowa ka ƙara gicciye ko faranti a wurin, ka yi wa takwaransa na ɗaya gefen irin wannan gyara.